Gawon da Aka Matsar a Takarda

Bamako, 12 ga Afrilu, 1954

Zuwa ga kakana Gajere, a Mallawa.

Ina gaishe ka gaisuwar jika, da fatan zafin bana bai kwantar da kai ba. Yaya gwiwar? Ka gaida Gwaggo Barakatu, ka ce mata yajin da ta ƙulla mini ya ƙare tun watan jiya, miyar mutanen nan kuwa salam take. Ni lafiya lau, sai mura da ta zo ta wuce.

Kaka, shekarar gwaji ta kusa ƙarewa a lakwal, makarantar nan ta zane. Mu goma sha huɗu muka shiga, shida aka zaɓa su ci gaba, ina cikinsu. Saura shekara uku. Gwamnati ce za ta ci da mu, ta ba mu wurin kwana da fenti da takarda. Abu guda ake nema, waliyyin kowane ɗalibi ya sa hannu a takardar da na naɗo cikin wannan. Tun da Baba ya rasu ba ni da waliyyi sai kai, ƙanen kakana, wanda ya rene ni. Ba wani abu ba ne, shaida ce kawai cewa ka san inda nake kuma ka yarda. Ka dangwala yatsa inda na yi alama, a gaban magatakardan kumandan a Magaria, a maido kafin ɗaya ga Oktoba.

Na haɗo maka da zanen gonarmu ta gabas. Da ka na yi shi, ba na kallon komai, kuma shi mushe, wato malaminmu, ya ɗaga wa 'yan aji su gani. Ka duba ka gaya mini ko har yanzu kana nan kan bakanka cewa zane aikin malalata ne.

Jikanka,
Jibo

*

Takarda ta fito daga bakin Gajere na Mallawa, ta hannun Malam Muttaƙa, ran goma ga watan Azumi, zuwa ga Jibo a ƙasar Bambara.

Gaisuwa da sa albarka. Gwiwa tana nan, ni da ita ba mai barin wani. Barakatu ta amsa, ta ce yaji sai an sami matafiyi. Akuyar nan mai baƙin wuya ta haifi biyu, ɗaya bai tsaya ba. Ruwa bai sauka ba, azumi muke cikin wuta.

Bayan haka. Takardu biyu ka aiko mini cikin ƙunshi guda, ɗaya da siffar gonata, ɗaya tana neman yatsana, ka ce ba wani abu ba ne. Jibo, ni kake gaya wa?

Saurara. Shekarar da na fara riƙe galma, wasu Nasara suka sauka a bayan gari da raƙuma da wani ƙarfe mai ƙafa uku. Ɗayansu bai yi wa kowa tsawa ba. Zama ya yi a gindin tsamiya da allo a cinya, yana duban fadamar ubanmu yana jan alƙalami. Har nono muka kai masa. Kakanka, yayana, ya leƙa ya dawo yana dariya, ya ce wallahi har dabinon nan guda biyu ya sa. Muka yi ta cewa gwani ne. Kafin shekara ta zagayo aka tara duwatsu aka ce daga nan zuwa kudu ƙasar Ingilishi ce. Fadamar da dabinon suna can har gobe, in na tsallaka cin kasuwa nakan wuce ta gabansu kamar baƙo. Ba a harba bindiga ko ɗaya ba. Zane aka yi.

To na baza naka a tabarma, na kira 'yata Barakatu muka duba. Ban ƙi ba, gonar ce. Ga suri, ga rijiyar da ta rufta, ga layin gambar da ya raba mu da Yero Bafulatani. Amma gawo fa? Gawon da ke taki uku cikin namu, ka tuge shi ka dasa a hayin gamba, cikin gonar Yero. Kai ba ka san abin da aka sha kan itacen nan ba, ba a haifi ubanka ba ma. Damina uku muna shari'a da uban Yero saboda 'ya'yan gawon da shanunsa ke ci da rani, sai da dattawa bakwai suka tsaya, kakanka ya dafa Alƙur'ani, sannan aka bar mana. Bakwai ɗin ƙasa ta rufe su. Ni kaɗai na rage. Duk rigimar iyaka a garin nan ni ake ɗorawa a jaki in je in nuna inda kakan wane ya tsaya, ba a taɓa mayar mini da magana ba. Yau jikana ya aiko takarda daga uwa duniya tana ƙaryata ni.

Kuma ka lulluɓe shi da ganye, ga gero kore a ƙarƙashinsa ya kai ƙugu. A ina ka taɓa ganin gawo da ganye da damina? Ɗan da ke goye ya san gawo tsirara yake cin daminarsa. In mushenku ya yaba wannan, bai taɓa noma ba. In mantawa ka yi, shekara guda ta cinye ka. In kuwa da gangan ne, gaya mini wanda ya sa ka. Yero ya aiko maka da wani abu? Nasaran da ke koya muku, kwafi nawa ya ɗauka, ina ya kai?

Malam Muttaƙa yana cewa in sassauta. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, ladansa na biya.

Zanen na naɗe shi na sa a tukunya na rufe, ba mai gani. Yatsana yana hannuna. Haza wassalam.

*

Bamako, 9 ga Yuni, 1954

Kaka, barka da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya maimaita mana. Ina fatan ruwa ya sauka kun yi shuka. Ni ƙalau nake.

Na karanta takardarka sai da na yi dariya har abokin ɗakina ya tambaye ni ko lafiya. Yero ai ko hanyar Bamako bai sani ba, balle ya aiko mini da toshi. Abin da Nasaran nan ya yi a gindin tsamiya taswira ce, da awo da lambobi, don hukuma. Nawa hoto ne, don ido. Ba kwafi, ba inda aka kai shi, guda ɗaya ne kuma yana cikin tukunyarka.

Gawon ni na matsar da shi, ba wanda ya sa ni. Hoto kamar mangala yake a bayan jaki, in gefe guda ya fi nauyi sai ya zame. Suri da rijiya duk suna hagu, dama ba komai, sai na kai itacen can. Haka ake koya mana. Zancen ganye kuwa, nan ka kama ni. Na fara yin sa da rassa tsirara, sai ya yi kama da mataccen itace, na ji kunyar a ce gonarmu ke nan. Ban kyauta ba.

Ka daina tsoro, Kaka. Wanda ya gama lakwal ɗin nan ya zama mai koyar da zane, jikka tara yake ɗauka duk wata, damina da rani, ko an yi fari ko ba a yi ba. Gyaɗarmu ta shekara guda nawa take kawowa? Ga allunan kantuna a Damagaram, ga hotunan littattafan 'yan lakwal, duk mu za a nema. Ka sa yatsa, albashin farko rawani zan saya maka, ka daina yawo da wannan da ya ga zamanin yunwa.

Jikanka,
Jibo

*

Daga Gajere, ta hannun Malam Muttaƙa, ran bakwai ga watan bawan salloli, zuwa ga Jibo.

Gaisuwa. An yi ruwa, an yi shuka, mun gama noman fari muna shirin maimai. Barakatu ta yi kwana huɗu da zazzaɓi, ta tashi. Rawanina yana gaishe ka, ya ce shi bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Malam Muttaƙa ajami ya sani, rubutun Nasara bai san kansa da gindinsa ba. Don haka ran kasuwar Dungas na ɗaura wa jaki akumari na kai takardar yatsan nan wurin Dikko tsohon soja, wanda ya yi yaƙin Nasara ya dawo da Faransanci. Na sa ya karanta sau biyu. Ban tsaya nan ba, don soja yana iya ƙari. Ran kasuwar Guci na kai ta wurin wani mai rubuta wa 'yan gyaɗa, ban gaya masa abin da Dikko ya ce ba. Bakinsu ya zo ɗaya.

Ga abin da ke ciki, ko ka manta. In ka gama, shekara goma za ka yi wa gwamnati aiki duk inda ta jefa ka. In ka gudu, ko aka kore ka, ko ka kasa, wanda ya sa yatsa shi zai biya abin da ka ci da abin da ka shafa a takarda, jikka casa'in, daga dukiyarsa. Dukiyata mece ce? Jaki, akuya uku da ɗa guda, gonar gabas. Ko an sayar da ni an haɗa da jakin, sai an taɓa gonar.

Ka ce shaida ce kawai. Ka iya Faransanci fiye da Dikko, ka karanta ta kafin ka naɗe. Mu nan sunan wannan jingina. Bambancin kawai, mai jinginar da gona yakan ga kuɗin a tafin hannunsa, ni kuwa an ce kai za ka cinye su a Bamako da miya salam.

Kan zanen, na nuna wa Dikko da hannuna a kai, ya ce ba taswira ba ce tunda ba lambobi. Na karɓa, rabi. Ashe ina ta zura sanda a ramin hagu, macijin yana na dama, kuma kai ka san ramin da yake kana dariya.

Yanzu mu auna jikka taran nan taka. Dikko ya ce tun da aka kafa lakwal a Magaria bai taɓa ganin mushen da aikinsa zane kaɗai ba. Ni ma na san masu zane, kada ka ɗauka ban sani ba. Tabawa mai ƙona ado a ƙwarya, ƙwarya uku tiyar gero guda, kuma sai shekarar da aka yi albarka ake tunawa da ita. Maginin da ya yi wa wani attajirin Damagaram adon ƙofar gida, har daga Kano ake zuwa kallo, a zauren wani ya mutu, makwabta suka yi masa likkafani. Mai zane bayan an ƙoshi ake kiransa. Amma su a gindin iyayensu suka koya, ba wanda ya bi su ko dala. Kai za ka shiga sana'ar da igiya a wuya tun ba ka sayar da layi ɗaya ba, kuma bakin igiyar a ƙafata kake so a ɗaura.

Tambaya huɗu zan yi maka. Waɗanda suka gama kafin ku, su nawa ne, ina suke, me suke ci? Nawa suka gudu, wa ya biya? In ciwo ya kayar da kai, ana yafewa? In ka mutu fa? Ka amsa da ƙirga, kamar mai ƙirga damin gero a bakin rumbu. Zaƙin baki ka bar shi can. Kada ka yi dariya wannan karon, abokin ɗakinka ya huta.

Wassalam.

*

Bamako, 11 ga Agusta, 1954

Kaka, ina gaisuwa, barka da Babbar Sallah. Allah ya ƙara wa Gwaggo sauƙi. Ni lafiya.

Na karanta takardar kafin in naɗe ta. Na san abin da ke ciki. Na ɓoye ne don na san in ka ji ba za ka yarda ba, na ce a raina ai ba zan gudu ba, to me ya rage ka sani? Na yi maka abin da na yi wa gawo, na matsar da magana inda za ta fi kyan gani. Ka yafe mini.

Na je na tambayi mai riƙe da rajistar lakwal. Cikin shekara ukun da suka wuce mutum goma sha bakwai suka kai ƙarshe. Biyar suna koyar da zane, su ne masu jikka tara. Huɗu suna ofishin ayyuka suna zana hanyoyi da filaye, wato irin zanen da kake tsoro, jikka bakwai. Sauran takwas gwamnati ba ta sami gurbin zane da za ta sa su ba, ta mai da su magatakarda, jikka biyar zuwa shida, suna rubuta allunan kantuna ran Lahadi. Biyu sun gudu tun ba su gama ba. Ɗaya ban san labarinsa ba. Ɗayan ubansa ya sayar da shanu goma sha ɗaya.

In na mutu an yafe. In ciwo ne, sai abin da likitan gwamnati ya rubuta. A Nijar gurbin mai koyar da zane biyu ne, duka da mutane a kai, don haka ana iya jefa ni Gine ko Dahome. Allunan Damagaram da hotunan littattafai fata ne na gaya maka, ba wanda ya yi mini alkawari.

In ka ce a'a, zan dawo. An ce ana neman masu rubutu a sikelin gyaɗa a Magaria, jikka biyar lokacin ciniki, ba bashin kowa. Ba zan riƙe ka a zuci ba, gonar ba tawa ba ce ni kaɗai. Abin da zan ce kawai, tun ina zana jakinka da gawayi a bangon rumbu kana bi na da tsumagiya, ban taɓa yin wani aiki na ji rana ta faɗi ban sani ba sai wannan.

Jikanka,
Jibo

*

Bamako, 1 ga Satumba, 1954

Kaka, ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Ban ji daga gare ka ba. In ciwo ne, Malam Muttaƙa ya rubuto mini ko layi biyu. In fushi ne, na cancanta, amma ka faɗa.

Biyar ɗin da aka zaɓa tare da ni duk takardunsu sun dawo. Darekta ya kira ni ya ce ran ɗaya ga Oktoba zai ba wani gurbina. Na fara tambayar kuɗin mota zuwa gida.

Jibo

*

Wannan daga bakin Gajere ne, Malam Muttaƙa ya rubuta, ran ashirin da huɗu ga watan cika-ciki, zuwa ga Jibo.

Gaisuwa da sa albarka. Ba ciwo ba ne, sai gwiwar da ka sani. Gero ya nuna, an fara cin tumu, wake ya yi kyau. Barakatu lafiya, ƙarfinta ma ya ƙaru, za ka ji dalili. Takardunka biyu sun same ni. Shirun da ka ji aiki nake yi.

Takardarka ta Babbar Sallah na sa an karanta mini sau uku. Ita ce ta farko da ba ta da daɗi, shi ya sa na saurare ta. Maƙaryaci ba ya ƙirga wa mutum shanun da aka sayar. Na kwana bakwai ina aunawa. Biyar cikin goma sha tara, ni ban ga riba ba. Da iri ne aka ce mini biyar za su tsira cikin goma sha tara, ba zan zuba shi a ramina ba. Amma sikelin gyaɗa da kake cewa, na san masu sikeli, shekara talatin ina kai musu buhu. Ba jikka biyar ke ci da su ba, ƙafar da suke sawa ƙarƙashin buhu ce. Wanda ya iya matsar da itace don a yaba masa, in aka zaunar da shi gaban sikeli ban san abin da zai matsar ba. Gara ka yi ta yi a takarda.

To ga abin da na yi. Ran Juma'a bayan an sauko na tara liman da mai gari da mutum biyar, bakwai ke nan kamar na dā, na aika aka kira Yero. Ban hau jaki ba. Da ƙafata na zaga gonar gabas da su, kusurwa huɗu, ina nunawa ina faɗin wanda ya kafa kowace gamba. Da muka zo gawo na sa Yero ya taka da kansa daga layi, ɗaya, biyu, uku, ya dafa itacen ya ce na wannan gefen ne, kowa ya ji. Ya tambaye ni ko mutuwa na ji tana zuwa. Na ce sai na binne shi tukuna.

A nan tsaye na ba Barakatu gonar kyauta, hannu da hannu, da amfanin da ke cikinta, da awakin. Ta sari ƙasa da fartanya, liman ya shafa fatiha. Rabon kakanka yana ciki. Na faɗa gaban shaidu, ranar da ka cika shekara goman gwamnati Barakatu za ta yanka maka shi. In ba ka cika ba, ko taki guda.

Ran Lahadi na kama hanyar Magaria, kwana biyu. Magatakardan kumandan ya tambaye ni abin da na mallaka. Na ce jaki, tabarma, buta, rawani. Ya dube ni, ya ce ba gona? Na ce gonar 'yata nake nomawa, a tambayi mai garinmu. Ya rubuta. Na ce masa, in yaro ya gudu, mai yatsa kuma ba shi da abin biya, sai yaya? Ya ce sai gidan kaso. Na ce to kawo tawadar. Ya ce zai buga waya Bamako ranar, takardar ta biyo baya, don haka ka kwance kayanka.

Shekara arba'in da bakwai ina ɗaure damin kaina. Bana ba ni da ko zangarniya. Hatsin Barakatu nake ci, jiya ma na je buɗe rumbu ta ce in bari sai ta zo. Na bari.

Kada ka ɗauka na yarda da sana'ar nan, ko na gama yarda da kai. Gonar ubana dai ba ta cikin takardarsu, ba kuma za ta shiga ba. Ni ne a ciki. Shekara uku da shekara goma, sha uku ke nan, Malam Muttaƙa ya ce da wuya in kai, na ce ya rubuta abin da aka sa shi. In ka gudu, ba shanun da za a sayar. Tsoho mai ciwon gwiwa gardi, 'yan sandan kumandan, za su zo su ɗaure, su kora shi Magaria a ƙasa, ta tsakiyar kasuwar Dungas, kowa ya san jikan wa ya jawo. Duk safiyar da ka tashi ka ji zanen ya ishe ka, ka tuna da wannan, sannan ka ɗauki alƙalaminka.

Haza wassalam.